Daga Katsina Zuwa Maraɗi: Wa Ya Ja Layi A Tsakar Gidanmu?

 A wannan watan tafiyar tamu ta mota ce. Ɗauko mayafinki da katin shaidarki, ki jefa ɗan goro da sabulu a jaka saboda tsaraba, ki biyo ni tasha. Tafiyar ba ta cika kilomita ɗari ba, amma kafin azahar za ki tsinci kanki a wata ƙasa, inda ake kashe wani kuɗi daban, ake ɗaga wata tuta daban, alhali duk matar da kika yi wa sallama da Hausa za ta amsa miki, har ta tambaye ki gajiya da mutanen gida. Maraɗi za mu je, ta hanyar Jibiya.

Kafin mota ta cika, bari in gaya miki abin da ya sa wannan hanya ta tsaya mini a rai. Mahaifiyata tana da yaya guda ɗaya tak, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda muke kira Inna Babba. Tun kafin a haife ni aka kai ta Maraɗi amarya, can ta hayayyafa, can ta tsufa. A ƙarshen shekarar 2023 Allah Ya karɓi abinsa. Cikin minti guda labarin ya iso mana ta waya, da muryar 'yarta tana kuka. To amma a lokacin iyaka a rufe take, saboda takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin da sojoji suka yi ranar 26 ga Yuli na wannan shekarar. Akwai 'yan babur masu ratsa daji da mutane, sai dai tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya wannan, ga kuma tsoron 'yan bindiga. Haka mahaifiyata ta zauna a kan tabarmarta a Katsina, aka riƙe mata waya tana kallon zaman makokin yayarta ta bidiyo. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne, ita ya kamata ta yi wa Inna wanka. Sai da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, cikin azumi, sannan bayan ƙaramar Sallah muka kai ta ta yi gaisuwa. Hanyar da muka bi a ranar ita zan bi da ke yau.

HANYAR JIBIYA

Da sassafe ake kama wannan hanya, domin ta sha fama da matsalar tsaro a 'yan shekarun nan, kuma direbobi sun fi son su je su dawo da rana tsaka. Daga Katsina mota za ta miƙa yamma. Ki leƙa ta taga ki ga gonakin gero da dawa da wake, ga gawo da aduwa jefi-jefi, ga yara da garken jajayen awaki. Ki riƙe waɗannan awakin a ranki, za mu dawo kansu. Za ki wuce Daddara, ki yi ta cin karo da shingayen jami'ai, har ki iso Magama, inda hanyar Maraɗi ta balle ta nufi arewa, garin Jibiya kuma yana gaba kaɗan.

Kusa da nan akwai madatsar ruwa ta Jibiya. Gulbin da aka datse a nan, idan ya wuce, Nijar yake shiga, ya bi ta gefen Maraɗi, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sannan ya karkato ya sake shigowa Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima a ƙasar Sakkwato. Sau biyu yake ƙetare iyaka ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Amma kin ga, idan aka riƙe ruwa a Jibiya, mai lambu a fadamar Maraɗi shi zai fara ji a jikinsa. Irin waɗannan lamurra na daga cikin abin da hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, take zama a kai.

WA YA JA LAYIN?

Kada in ruɗe ki in ce kafin zuwan Turawa komai lafiya lau ne tsakanin garuruwan nan biyu. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina wajen 1807, tsohuwar zuriyar sarauta ta yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri a kusa. An shafe shekaru ana kai wa juna hari, musamman zamanin Sarki Ɗan Baskore, kuma dajin da ke tsakani shi ne ya zama katanga. Duk da haka fatake ba su daina wucewa ba, almajirai ba su daina tafiya neman karatu ba, aure bai yanke ba. Shi ya sa har gobe sarkin da ke Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, kuma a fadarsa za ki ji Ƙaura da Durɓi da Galadima da 'Yandaka, kamar yadda kike ji a Katsina.

Layin da muke tsallakawa yau kuwa, a teburin Turai aka zana shi. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. Suka sake zama a 1898, da 1904, da 1906, domin Faransawa suna kukan cewa rabon da aka ba su ba shi da hanya mai rijiyoyi da za ta kai ayarinsu Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 wani hafsan Faransa mai suna Tilho da takwaransa na Ingila mai suna O'Shee suka bi daji suna kafa alamomi har guda 148. Iyakar da suka bari ta kai kusan kilomita 1,500. Ta ratsa gonaki da makiyaya, ta bar wa a wannan gefe, ƙane a wancan. Bayan samun 'yancin kai a 1960, shugabannin Afirka suka zauna a Alƙahira a 1964 suka yanke shawarar kowa ya riƙe iyakar da ya gada, saboda tsoron kada a buɗe ƙofar yaƙe-yaƙe. Ki lissafa da kanki, layin nan bai wuce shekara ɗari da ashirin da kafuwa a ƙasa ba. Hasumiyar Gobarau da muka baro a Katsina ta girme shi da ɗaruruwan shekaru.

A BAKIN IYAKA

To ga mu a bakin iyaka. Abin da za ki gani bai taka kara ya karya ba: ofisoshi, sanda a gicciye, tutoci, manyan motoci a jere, 'yan canji da damin kuɗi a hannu, 'yan mata masu tallar fura da gyaɗa suna kaiwa da komowa tsakanin ƙasa biyu da tire a ka. Za a duba takardunki a wannan gefe, a sake dubawa a wancan. Tun kafin a gama, wayarki za ta yi ƙara, saƙo ya shigo yana yi miki maraba da zuwa Nijar. Ita wayar ta riga ki ƙetarewa.

Daga nan kunnenki zai fara jin canji. Kwastan ya koma duwan, ɗan sandan kan hanya ya koma jandarma, makarantar boko ta koma lakwal, malaminta ya koma mushe, idan kuma aka ce miki an kwantar da wance a likita, asibiti ake nufi. Lissafin kuɗi ma sai kin natsu: dala ɗaya sefa biyar ce, jika ɗaya sefa dubu. Mahaifiyata ta tuna lokacin da Inna Babba kan ɓoye naira a ƙasan adaka saboda darajarta. A 2024 kuwa jika guda ta haura naira dubu biyu, sai ga mutanen Maraɗi su ne ke shigowa Katsina da Kano sayayya suna cewa kaya sun yi araha. Duniya rawar 'yan mata.

Bayan Ɗan Isa hanya za ta miƙe zuwa Maraɗi. Ki sake leƙawa ta taga. Geron nan dai shi ne, rumbunan su ne, ga kuma jajayen awakin nan da na ce ki riƙe. A littattafan Nijeriya sunanta jar akuyar Sakkwato, a na Nijar jar akuyar Maraɗi, alhali akuya ɗaya ce, kuma fatarta ce fatake suka riƙa kaiwa arewacin Afirka har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Idan kina da lokaci ki ratse Madarunfa ki ga tafkinta, wurin da mutanen yankin ke dangantawa da kaburburan waliyyai 99.

CIKIN MARAƊI

Maraɗi gari ne na 'yan kasuwa, ana ma kiransa cibiyar kasuwancin Nijar. Tsohon garin a cikin kwari yake, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hauro tudu aka yanka tituna a miƙe. Ki shiga babbar kasuwa ki gani: atamfa da shadda da kwanukan roba daga Kano, dabino daga arewa, albasar Galmi, cuku, kilishi, wake buhu-buhu da ake lodawa zuwa kudu. Waƙar da ke tashi a shagon mai cajin waya ita ce kika baro tana tashi a Katsina, fim ɗin da matan gida ke kallo da daddare na Kano ne. A gidan Inna Babba an tarbe mu da fura mai sanyi da dambun zogale, aka baje tabarmi, aka yi kuka, aka yi addu'a, aka koma ba da labarin mutanen da. Mahaifiyata ta shiga ɗakin yayarta ta zauna ita kaɗai har la'asar. Da ta fito sai aka miƙa mata carbin marigayiya da wani tsohon kwano na jere da suka rabo tun daga ɗakin mahaifiyarsu.

A unguwar na haɗu da mata 'yan Nijeriya iri biyu. Akwai 'yan mata ɗalibai da iyayensu suka turo karatun jami'a, suna gudun yajin aiki. Akwai kuma matan ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka gudo daga harin 'yan bindiga, waɗanda tun daga 2019 dubun dubatarsu suka ƙetaro jihar Maraɗi, mutanen ƙauyuka suka ba su masauki tun kafin ƙungiyoyin agaji su iso. Ga waɗannan bayin Allah, layin da ya hana mahaifiyata zuwa makoki shi ne ya zame musu mafaka. Ki riƙe wannan ma, domin duk mai cewa a share iyaka gaba ɗaya bai zauna da su ba.

ƘOFA MAI BUƊEWA DA RUFEWA

A takarda, tun 1979 ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta amince ɗan kowace ƙasa cikinta ya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma ki dubi abin da ya faru a aikace. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986, abin kuma ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, amma Jibiya sai Afrilu 2022. Ba a cika shekara biyu ba aka sake datsewa a 2023, har da yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba Nijar. Sannan ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, suka fito da fasfo na ƙawancensu na Sahel, ko da yake a ranar ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da barin jama'arsu su yi zirga-zirga kafin a daidaita.

A ɗaya hannun kuma, a Yamai ɗin nan ne a watan Yuli na 2019 Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin titin jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Wato hannu ɗaya yana shimfiɗa dogo, ɗaya yana jan sakata.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan ba. Wasu ƙasashen Turai, ciki har da Faransa da ke cikin waɗanda suka ja mana layi, sun cire nasu shingayen da yarjejeniyar Shengen, wadda ta fara aiki a 1995, har aka yi lokacin da mutum kan tuƙa mota daga Faransa zuwa Jamus ba mai tsayar da shi. Amma a 2020 Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, a shekarar kuma da annobar korona ta ɓarke ƙasashe da dama suka koma suka ja ƙofofinsu. Ashe iyaka ko ta kwanta barci ba ta mutu ba, tsoro kaɗan ke tashe ta.

INA AKA DOSA?

Idan kin tambaye ni, 'yar'uwa, ban ga alamar layin nan zai goge a zamaninmu ko na 'ya'yanmu ba. Abin da ke canzawa shi ne wa yake iya tarewa. Ba ya tare murya ko hoto. Ba ya tare kuɗi, domin yanzu ɗan canji a Maraɗi zai karɓi sefa, ɗan'uwansa a Katsina ya tura miki naira a asusunki kafin ki gama alwala. Ba ya tare cuta, mun ga haka a 2003 da 2004 lokacin da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano cutar ta bazu zuwa maƙwabta, kuma sai da aka haɗa hannu gefe da gefe kafin a ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020. Ba ya tare ɗan bindiga, wanda ya san daji fiye da jami'i. Wanda yake tarewa shi ne mai bin hanyar gaskiya: tsohuwa mai zuwa makoki, mai jego da za ta je wankan gida, ƙaramar 'yar kasuwa mai buhu biyu.

Abu na biyu, iyakar tana tashi daga bakin titi tana komawa cikin kwamfuta. A da idan jami'i ya san mijinki ko ya ji kin ambaci unguwarku, ya ɗaga sanda. Yanzu lambar shaidar ɗan ƙasa ake nema, da hoton yatsu, har layin waya tun ƙarshen 2020 sai an haɗa shi da lambar NIN. Na'ura ba ta san dangi ba. Yaron da aka haifa a ɗakin kakarsa a Maraɗi, aka yaye shi a Jibiya, ba a yi masa takardar haihuwa ko a ɗaya ba, zai iya wayar gari ya girma kowace ƙasa tana ce masa baƙo. Ranar da jirgin ƙasan nan ya fara jigila, mai takarda zai karya kumallo a Kano ya ci abincin rana a Maraɗi, maras ita kuwa yana nan a bayan babur cikin daji.

Wannan magana ta zo har cikin gidanmu. A wannan zuwan ne aka tsayar da maganar auren jikan Inna Babba da 'yar ƙanwata. Wasu daga cikin dangi suka ce ina dalili, a kai yarinya inda za a wayi gari a rufe hanya, a maimaita abin da ya faru? Mahaifiyata, wadda ita ce abin ya fi ci, ita ta ce a ba shi. Ta ce idan aka daina ƙulla aure saboda tsoron sakata, to ranar ce iyakar za ta zama gaskiya.

GUZURIN HANYA

Saboda haka ga 'yar shawara, musamman gare ki da kike da dangi a tsallake, ko Maraɗi ne, ko Ƙonni, ko Damagaram, ko Garwa da Marwa a Kamaru. Ki yi wa kowane yaro takardar haihuwa tun yana jariri, ki adana ta kamar yadda kike adana sarƙarki. Ki sani cewa a tsarin mulkin Nijeriya na 1999, ɗan da aka haifa a waje ɗan ƙasa ne muddin uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, don haka 'yarki da ke aure a tsallake tana da haƙƙin nema wa 'ya'yanta takardu. Ki kuma sani cewa baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba a ba shi wannan sauƙin ba, abin da ya kamata ƙungiyoyinmu na mata su riƙa tayarwa. A rubuta shaidar aure a ajiye. Tsofaffin gida a yi musu katin shaida da takardar tafiya tun suna da lafiya, kada a jira sai an bugo waya da tsakar dare. Kafin ki tashi ki tambayi direbobin tasha abin da ake nema a wannan makon, domin dokokin kan iyaka sun zama kamar hadarin damina. Ki ɗauki katin rigakafin yara, ki yi tafiyar rana, kuma kada ki karɓi saƙon da ba ki san abin da ke ciki ba.

Sannan ki je. Waya tana da daɗi, ta rage mana nisa, amma Bahaushe ya riga ya ce zumunta a ƙafa take. Ki kai yaranki su ga ɗakin da kakarsu ta fito, su san 'ya'yan goggonsu da ido, su ci tuwo a kwano ɗaya. Allah Ya yi mu ƙabilu da al'ummu domin mu san juna, kuma Ya yi mana kashedi da yanke zumunci. Gwamnatoci za su ɓata su shirya, ko harshe da haƙori ma suna saɓawa. Abin da ya riƙe Katsina da Maraɗi shekara ɗari biyu, cikin yaƙi da fari da takunkumi, shi ne matan da ke ɗaure ƙullin daddawa da kuka su hau mota su je suna da biki da gaisuwa.

Da muka kamo hanyar dawowa, rana ta yi sanyi, muna tsaye ana duba takardu, mahaifiyata tana rungume da kwanon nan a cinyarta. Wani matashin jami'i ya leƙo ya ce, “Hajiya, me aka sayo mana a ƙasar waje?” Ta dube shi ta ce, “Ɗana, ni ɗakin yayata na je.” Ya yi shiru, ya ce Allah Ya ji ƙanta, ya ɗaga mana sanda.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon tuna talaka kafin su ja sakata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.